Na yi hayar keken tsere a Girona kwana biyu: hanyoyin sun yi, shagon kuma da saura

Duk mai kallon La Liga ya san Girona, ko ba komai ai ka tuna kakar 2023/24 da suka lallasa Barcelona 4-2 gida da waje suka ƙare a na uku. To nima iya sanina da garin kenan, sai da wani abokin aikina ɗan Kataloniya ya ishe ni da cewa wai su tun kafin ƙwallo keke ne ya fito da su, tun zamanin 'yan tseren keken Amurka su Lance Armstrong da George Hincapie da suka zauna a garin, har yau ƙwararrun 'yan tseren keke na duniya da yawa can suke haya saboda garin yana gindin tsaunukan Pirenis, ka yi arewa dutse, ka yi gabas teku. Nace to bari in je in gani da idona, ni da na tashi ina tuƙa Phoenix ɗin babanmu daga Ƙofar Nassarawa zuwa Sabon Gari ai keke ba zai ba ni tsoro ba. Allah sarki ni.

Daga tashar Sants ta Barcelona jirgin ƙasa mai gudu minti 40 bai cika ba ya sauke ni. Shagon da na yi hayar yana cikin tsohon gari, kusa da kogin Onyar inda gidajen nan masu launi kala-kala suke, ba nisa da gadar dutse da suke kira Pont de Pedra, wadda da safe za ka ga 'yan keke sun taru a kanta sai kace tashar 'yan acaɓa. Ba zan faɗi sunan shagon ba saboda akwai ƙorafi a gaba, kuma shagunan haya a wannan unguwar suna da yawa.

Abun da ya fara burge ni shi ne ba su miƙo min keke kawai sun ce sauka lafiya ba. Tun a intanet sun tambayi tsayina, da na zo kuma saurayin da ke wurin ya ɗora ni a kan keken ya duba yadda gwiwata take lanƙwashewa, ya ɗaga sirdi ya sauke ya sake ɗagawa, ya kai minti 15 yana wannan. Keken na kabon ne, wlh da yatsu biyu na ɗaga shi, birkinsa na faifai irin na babur, giya 22 (giyar keke nake nufi dan Allah, kar wani ya kai ni gaba). Yuro 50 a rana, da hular kwano da gorar ruwa biyu da 'yar jaka ƙarƙashin sirdi mai tiyub da ƙaramin famfo. Sun kuma riƙe kuɗin ajiya a katina. Hular kwanon nan ba ado ba ce, a Sifaniya doka ce in ka fita wajen gari.

Amma inda kuɗina ya halatta gare su shi ne wajen shawarar hanya. Ni da na shigo bakina Rocacorba kawai yake faɗa, wata hanyar hawan dutse mai wuya, don ita abokina ya yi ta zuzutawa. Yaron ya kalle ni ya kalli cikina yace, yaushe rabonka da hawan dutse da keke? Nace ban taɓa ba, garinmu shimfiɗe yake, dutsen da muke da shi Dala ne da Goron Dutse kuma da ƙafa ake hawa. Yayi dariya yace to yau hanyar dutsen Els Àngels za ka, gobe in ƙafarka ta yarda sai ka gwada waccan. A lokacin na ɗan ji haushi gaskiya, amma da ya biye min da ranar farko zan dawo musu da kekensu in hau jirgi in koma.

Ya saka min taswirar a Garmin, 'yar na'urar nuna hanya da suka haɗa min da ita, zagayen da suke kira da sunan Hincapie, wajen kilomita 60 da wani abu. Kana fita gari kaɗan hawan yake farawa, kusan kilomita 10 zuwa 11 cikin dajin Les Gavarres, amma hawa ne mai mutunci, a kowane mita 100 kana ɗaguwa kamar mita 3 zuwa 4 ne, har da wuraren da hanyar take ɗan sauka ka huta. Kwalta sumul, kwana bayan kwana, inuwar bishiyoyi ta rufe ka, mota sai jefi-jefi. Kuma abun mamaki direbobin nan in sun zo bayanka ba hon ba zagi, mutum zai lallaɓa a bayanka har sai ya samu fili ya ba ka tazarar mita 1.5 da doka ta ce sannan ya wuce. Na farko da ya yi min haka har tsayawa na yi a gefe ina zaton wani abu yake so.

A saman akwai tsohon coci, a nan ne mai zanen nan Salvador Dalí ya ɗaura aure da matarsa Gala a 1958, tsayin wurin bai kai mita 500 ba amma ranar sama a washe take, ta can arewa ga Pirenis da farin ƙanƙara a kansu, ta ɗaya gefen ga filin Empordà har zuwa teku. Na daɗe a tsaye. Daga nan sai gangara zuwa Madremanya da Monells, ƙauyuka na dutse zalla tun na zamanin da, titunansu wani ko mota ba ta shiga.

To a nan ne aka yi abun. Ina fita Monells tayar baya ta yi faci. Ban damu ba, ai akwai tiyub a jaka, kuma wanda ya tashi a Kano cire tayar keke ba sabon abu ba ne. Na cire na saka sabon, sai ga bakin tiyub ɗin ya ƙi leƙowa ta cikin rim. Rim ɗin keken irin mai zurfin nan ne, yana son tiyub mai dogon baki, su kuma sun saka min mai gajere, kan ya fito ɗan ƙil ko famfo ba ya kamawa. Haba! Na kira lambar shagon ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ashe ƙarfe biyu ta wuce sun rufe sun tafi cin abincin rana, sai yamma za su buɗe. Kuma can ba kamar gida ba ne da duk inda ka juya akwai mai faci a gindin bishiya. Na fi minti 40 a bakin hanya ina ta salati, sai Allah ya kawo wani dattijo a kan kekensa, zai kai shekara 70 amma ƙafafunsa kamar an sassaƙa, ya tsaya ya ciro nasa tiyub ɗin ya ba ni, na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya yi min magana da Katalanci wadda rabi kawai na gane ya wuce. Da wannan tiyub ɗin na haye tudun Santa Pellaia na dawo gari.

Da na koma na nuna musu, yaron ya ba da haƙuri sosai, yace jakar wani keken ce aka ɗaura wa nawa. Sun ba ni tiyub biyu masu dogon baki, amma ko sisi ba su rage min ba, ni kuma a ganina shagon da ke tura baƙo daji ya kamata ko dai ya duba jakar ko ya bar lambar da za a ɗauka da rana. Ɗaya daga ciki dai.

Rana ta biyu na yi taurin kai na tafi Rocacorba. Ana bi ta Banyoles, wajen kilomita 18 daga Girona, inda tafkin nan yake da aka yi gasar tseren kwale-kwale ta Olamfik ɗin 1992, ruwa shuɗi shar, a bakinsa na yi azahar da na dawo. Hawan kansa kamar kilomita 10 ne, a ƙiyasi mita 7 a kowane 100, amma wannan lissafin yaudara ce don farkonsa da sauƙi, daga tsakiya ne yake miƙewa ya wuce 10, ka saka giya mafi taushi ka nemi wata ka ga babu. Ƙwararru da shi suke gwada ƙarfinsu, suna hayewa ƙasa da minti 30. Ni awa ɗaya da rabi, da tsayawa uku, da faɗuwa ɗaya wadda laifina ce, don feda ɗin irin mai maƙale takalmi ce na manta ban zare ƙafa ba na tafi a hankali na kwanta a gefen hanya kamar buhun gero. Hanyar ba ta ɓullewa ko ina, a saman eriyoyi ne kawai a kusan mita 1000, ka huta ka juyo ta inda ka zo. Kwaltar ma ba ta kai ta Els Àngels kyau ba, wajen saukowa sai da hannuna ya ƙage saboda matse birki, a nan na gode wa birkin faifan nan. In ka tambaye ni wacce ta fi daɗi, Els Àngels ce nesa ba kusa ba. Rocacorba ta bugun ƙirji ce kawai, ka saka a Strava, manhajar da 'yan keke ke nuna tafiyarsu, a gani.

Batun abinci ɗan uwa ka kula, sau da yawa burodi mai haɗi da za a miƙo maka a ƙauyukan nan da naman alade a ciki, ni dai burodi da tumatir da man zaitun nake ce musu, sai wainar ƙwai da dankali, sai kofi. In kana son nama halal ka shiga Salt, garin da ke manne da Girona, 'yan Maroko da 'yan Gambiya sun cika shi, a can na ci shinkafa da daddare. Ruwa kuma akwai famfo a dandalin yawancin ƙauyukan, ka dai duba in an rubuta no potable to ba na sha ba ne.

Kuɗin ajiyar sai da ya kwana tara kafin ya dawo katina, su sun ce daga bankina ne, banki ya ce daga su ne. Tauraro huɗu cikin biyar na ba su, keken da shawarar yaron nan suka ci huɗun, tiyub ya cinye ɗayan. Ya ce min in na dawo in gwada Mare de Déu del Mont ta wajen Besalú, wadda ta fi Rocacorba tsawo da tsayi. Nace masa sai cinyata ta daina ciwo tukuna, kuma wannan karon a gabansa zan buɗe jakar.