SWAM Trumpets ko Session Horns Pro? Ga wanda zan ce ka saya

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wacce za ka saya cikin manhajojin nan biyu masu fitar da sautin ƙaho a kwamfuta. Tunda turampet guda kake so ya riƙa yi wa mawaƙi amshi a waƙoƙin biki, kuma laftof ɗinka RAM ɗinsa (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) gigabayit 8 ne, kada ka wahalar da kanka, ɗauki SWAM Trumpets. Duka biyun da ka ambata ina da su, shi da Session Horns Pro, amma ɗaya ne nake buɗewa kusan kullum.

Tun daga tushe ba hanyarsu ɗaya ba. Session Horns Pro na kamfanin Native Instruments ne na Jamus, ya fito a 2014, kuma a cikin Kontakt yake aiki, wato manhajarsu mai kunna sautukan da aka naɗa. Masu busa na gaske aka shigar sitidiyo aka naɗi sautinsu ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi da a hankali, aka jera a kan maɓallan fiyano. Shi ya sa yake cin wuri kusan gigabayit 30. Idan ka danna, abin da aka riga aka busa ne yake fito maka. SWAM kuwa na Audio Modeling ne na Italiya, jerin ƙahonninsu sun fito a 2020, kuma babu tulin sautin da aka naɗa a ciki. Lissafi kwamfuta take yi nan take, yadda leɓe yake kaɗawa da yadda iska take bin bututu, sai sautin ya fito daidai da ƙarfin da ka ba shi a wannan daƙiƙar. Ɗaya ɗinkakkiyar riga ce ta kanti, ɗayan yadi ne, kai ne telan.

Abin da ke sa kunne ya yarda cewa mutum ne yake busa ba farkon sautin ba ne, abin da ke faruwa a tsakiyarsa ne. Mai busa yakan fara a hankali, ya kumbura, muryar ƙahon ta yi kaifi, sannan ya sassauto da ɗan karkarwa a ƙarshe kafin ya ja numfashi. A nan SWAM ya yi wa ɗan'uwansa nisa. A cikinsa akwai turampet na Bb da na C, da ƙaramin nan piccolo mai tsinin murya, da flugelhorn mai taushi wanda ni na fi so a bayan muryar mace, ga kuma irin murafun da ake toshe bakin ƙaho da su don sautin ya shaƙe.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi shekaru yana busa a ƙungiyar badujala kafin ya yi ritaya. Haƙoran gabansa sun zube, turampet kuwa ba ya yiwuwa sai leɓe ya sami abin jingina, don haka ya daɗe da naɗe nasa a tsumma. Ran nan ya rako jikarsa za a yi mata waƙar kamu, ya tarar ina busa cikin ɗan bututun TEControl, wanda ake soka wa kwamfuta ta USB ya mayar da numfashi umarni. Ya daɗe yana kallona, sai ya ce, "Yaro, miƙo nan." Na goge bakin bututun da gefen rigata na ba shi. Bai iya fiyano ba, don haka ni nake danna maɓalli shi yana hurawa. Wallahi layin da na yini ina gyarawa da linzami, a ɗauka ta biyu ya zauna. Yakan tsaya cak a inda ban taɓa tunanin tsayawa ba, ya bar mawaƙiya ta ƙarasa kalmarta, sannan ya shigo ta ƙasa. Da muka saurara ya yi dariya ya ce, "To, ashe ƙarfen ba ya buƙatar haƙori." Busar tasa ce a waƙar, ban taɓa ko ɗigo ba.

Sai dai ka san abin da za ka tarar. Ranar farko za ka danna maɓalli ka ji shiru, ka ɗauka an cuce ka. Ba a cuce ka ba, SWAM ba ya fitar da sauti sai ya ga abin da ke ba shi ƙarfin iska yana motsi. Ko dai feda ta ƙafa, wadda ke aika CC11 (lambar saƙo ce ta MIDI, yaren da kayan kiɗa ke magana da kwamfuta da shi), ko bututun numfashi mai CC2, ko ɗan wilin nan na gefen hagun fiyano mai CC1, duk wanda kake da shi za ka iya ɗaura shi a kai. Ƙananan fiyanon Yamaha PSR da yawa da ke sitidiyoyinmu wilin lanƙwasa sauti kawai gare su, to duba naka tun kafin ka biya. Idan manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio kake amfani da ita, ka daidaita lambar tashar MIDI ta SWAM da ta fiyanonka, in ba haka ba za ka yi ta murza wili babu abin da ya isa gare shi. Kuma sauti ɗaya yake busawa a lokaci guda, kamar turampet na gaske. Fitarsa a bushe take, sai ka sa masa amsa-kuwwa kaɗan ya zauna cikin kiɗan. RAM bai dame shi ba, ƙwaƙwalwar lissafin kwamfutar, wato CPU, yake ci, don haka da ka gama layi ka mayar da shi odiyo ka huta.

Session Horns Pro fa? Ba laifi. Idan gungun ƙahonni kake so su yi "fam-fam" irin na hailaif ko afrobit, ka danna kod, wato maɓallai da yawa a tare, ya raba wa turampet da saksofon da turombon kowa nasa, yana yi, kuma da sauri. Don wannan aka gina shi, ni kuma aikina ba ya yawan neman haka.

Kada ka ce kuma za ka fitar da kakaki daga cikinsu. Na ji masu saukar da turombon ƙasa suna cewa ya yi, bai yi ba. Idan waƙar sarauta ce, nemi mai kakaki ka biya shi ya busa maka a makirufo.

Abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa maka: ka yi hattara da masu tallan faifan ajiya cike da manhajojin kiɗa, su ce maka "duk orijina ne, an riga an biya". Ƙarya ce. Duka kamfanonin nan biyu lasisi suke sayarwa, wanda ake ɗaurawa a kan adireshin imel ɗinka. Na Native Instruments ta manhajarsu Native Access ake yi masa rajista. Duk wanda ya ce zai sa maka amma ba zai ba ka lambar rajista da sunanka ba, fasasshe ne zai zuba maka, wani lokacin har da ƙwayar cuta a ciki. Akwai kuma masu cika maka rumbu da tarin sautukan Kontakt su ɗora maka Kontakt Player na kyauta. A shagon komai zai yi ƙara lafiya lau, ka koma gida bayan minti 15 ya ɗauke, saboda waɗanda ba a yi musu lasisin Player ba a matsayin gwaji kawai suke buɗewa. Wasu ma sukan sayar da lamba ɗaya ga mutum biyar. Idan na hannu za ka saya, kada kuɗinka ya fita sai ka ga lasisin ya koma cikin asusunka da idonka.

Ka sayi SWAM Trumpets kai tsaye daga shafin kamfanin, turampet ɗin kawai, ba sai ka ɗauki dukan jerin ƙahonnin ba. Idan ba gaggawa kake yi ba ka jira ƙarshen Nuwamba, lokacin ne aka saba yin rangwame. Canjin da ya rage ka sa shi a feda, in ya kai kuma ka yi odar bututun numfashin.