Tiyatar jijiyar zufa: yadda na same ta bayan shekara biyu

Ni mai ɗinkin hannu ne a cikin birnin Zariya, aska biyu da aska takwas nake yi wa manyan riguna, sana'ar da na gada a wurin mahaifina. Tun ina makarantar allo tafin hannuna ke tsiyayar zufa ko da hunturu ne, har tawada takan dame kafin malam ya duba. Da na girma abin ya taɓa hanyar abincina, domin farar shadda ba ta yafe wa jiƙaƙƙen yatsa: zare ya yi dauɗa, allura ta riƙa suɓucewa. Ga kunyar musabaha bayan sallah, kullum sai na goge hannu a jikin riga kafin in miƙa.

Na shafa maganin nan mai sinadarin alminiyam da daddare, ya ɗan rage, amma fatar ta riƙa ƙaiƙayi tana tsagewa. Allurar Botox ta yi aiki na 'yan watanni ta sake ni, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin aljihuna. Daga nan aka tura ni wurin likitan tiyatar ƙirji.

A takarda ya zana min abin. Akwai jijiya kamar sarƙa da ta bi gefen ƙashin baya ta cikin ƙirji, dama da hagu. Ita ke ba hannu umarnin yin zufa, ita ce kuma ke matse ƙananan hanyoyin jini, shi ya sa ake yi wa wasu masu yatsun da ke yin fari da ciwo a lokacin sanyi irin wannan aiki, kodayake ya ce su sauƙinsu yakan dushe daga baya. Ana sa mutum barci, a ɗan tsaga ƙarƙashin hammata, a rage iskar huhun ɓangaren, a zura siririyar kyamara, a katse jijiyar daidai haƙarƙari na 3 ko na 4.

Da na farfaɗo na ji hannuwana da ɗumi, a bushe ƙarau. Wallahi sai da na yi hawaye. Ƙirjina ya yi ciwo wajen mako biyu in na ja dogon numfashi, sannan ya wuce. Fatar idona ma ba ta sauko ba, wanda yana cikin abubuwan da aka ce kan faru jefi-jefi, alhamdulillahi.

Sai da bazara ta shigo na gane zufar ƙaura kawai ta yi. Bayana, cikina da cinyoyina suka karɓe ta. A watan Afrilu in na taka daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada, sai ka rantse da ruwa aka watsa min, yanzu ba na fita sai da singileti a ƙarƙashi da wata rigar a leda. In na ci tsire mai yaji goshina ya riƙa ɗiga. Da hunturu kuma hannun ya bushe har sai na bi shi da man kaɗe. Likitan ya ambaci wannan ƙaurar zufa, ba zan yi masa ƙarya ba, amma a gurguje ya faɗa, ni kuma hankalina yana kan hannu. Abin da ya fi damuna shi ne ba a zauna an nanata min cewa jijiyar da aka yanke da wuya ta koma yadda take ba.

Ni dai ban yi nadama ba, saboda a zaure nake aikina cikin inuwa, kuma rigunan Babbar Sallar bana duk na miƙa su babu tabo ko ɗaya. Amma manomi ko ɗan acaba ko leburan gini da ke wuni a rana, ba zan ce masa ya yi ba sai ya auna sosai.

Kwanan baya wani yaron shagonmu mai irin lalurata ya ce min, "Yaya, ni ma a kai ni." Na ce masa ya fara tambayar likitan fata kan na'urar nan da ake tsoma hannu a ruwa mai ɗan ƙaramin lantarki, wadda ni ban ji labarinta ba sai bayan an gama min aiki. Na kuma ɗaga masa bayan rigata ya gani da idonsa.