Sarin harsashin 9mm a Texas: inda arhar take da inda take ƙarewa

Wanda ya fara zuwa filin koyon harbi a Amurka ba ya daɗewa yake gane cewa kuɗin bindiga sau ɗaya ake biya, na harsashi kuwa kullum ne. Kwali ɗaya guda 50 ne a ciki. Gidan harsashin ƙaramar bindiga ƙirar Glock 19 yana ɗaukar 15, wato lodi uku da ɗan ragowa kwalin ya tashi, kafin ma hannunka ya zauna. Idan kuma a kantar filin ka saya, ka sayi mafi tsada a garin, domin sun san ka riga ka biya kuɗin layi, ba za ka fita neman wani ba. Abin da ya tura ni sari ke nan, katan mai guda 1,000, kwali 20 a ciki. A Houston nake zaune, harbin takarda kawai nake yi, kuma abin da zan faɗa bai wuce na 9mm ba, wanda shi ne ya fi yawa a hannun mutane kuma ya fi sauƙin kuɗi cikin harsasan ƙananan bindigogi masu ƙarfi.

Kafin maganar farashi, akwai maganar wa ya halatta ya saya. Dokar tarayya ta hana dillali mai lasisi sayar da harsashin ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya saye muddin babu wani laifi da ya haramta musu. Amma ɗalibi ko baƙon da ya shigo da bizar ɗan lokaci, asali haramun ne ya mallaki ko harsashi ɗaya, sai in ya faɗa cikin 'yan togaciyar da doka ta yi. 'Yan'uwa masu zuwa karatu su kula da wannan, kada sha'awa ta ja wa mutum kora. Masu karantawa daga gida kuma, labarin wata ƙasa ce wannan: a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin jerin waɗanda aka haramta, don haka babu abin ɗauka a nan sai sanin yadda wasu suke yi.

Abu na farko da sari ya koya mini shi ne a daina duba kuɗin kwali, a riƙa duba kuɗin harsashi ɗaya bayan ya iso ƙofar gida. Shafin AmmoSeek shi na fi amfani da shi. Ba ya sayar da komai, yana tattaro farashin dillalai ne ya jera su daga mai arha zuwa mai tsada, senti kaza kowane ɗaya. Yana aikinsa da kyau, kuma kana iya tace abin da kake so: sabo kawai, kwanson tagulla kawai, katan kawai. Sai dai waɗanda ke saman jerin sau da yawa wayo suke yi. Su karya farashi don su hau sama, sannan su rama a kuɗin aike. Katan na 9mm ya kai kilo 12 ko fiye, aika shi ba wasa ba ne, kuma wasu ba sa nuna maka kuɗin sai ka gama cika adireshi, ka kai shafin ƙarshe.

A ce wani ya sa katan dala 219, kuɗin aike dala 35. Wani kuma can ƙasa a jerin ya sa dala 239, aike kyauta. Ka ɗora harajin saye na nan Houston, kashi 8.25 cikin ɗari, wanda tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 manyan dillalan intanet suke karɓa. Na farko ya kama kusan dala 275, na biyu kusan 259. Wanda ya yi kama da mai tsada shi ne mai arha. Ni yanzu sai na buɗe dillalai uku ko huɗu, na sa kaya a kwando, na kai kowanne bakin biya, sannan in zaɓa. Yana cin lokaci kaɗan, amma a nan ne ake samun bambancin, ba a jerin farko ba. Wani abin dubawa kuma shi ne 'yan ƙananan kuɗaɗen da ake liƙa wa mutum ba tare da ya nema ba, kamar inshorar kaya, da akwatinta ke zuwa a cike sai ka cire da kanka.

Su kansu harsasan, na harbin takarda su ne masu FMJ a jikin kwali, wato dalma ce aka lulluɓe da jan ƙarfe, kai a dunƙule. Masu rami a ka na kare kai ne, kuɗinsu yakan ninka sau uku ko fiye, kuma ɓarna ce a zuba su a takarda. Lambobin 115, 124 da 147 nauyin kan harsashin ne da ma'aunin giren. 115 ya kama giram bakwai da rabi. Shi ne ya fi arha kusan kullum. Na fi jin daɗin 124 a hannu, turinsa ya fi taushi, bai da wannan fizgar ta 115, amma idan bambancin ya wuce senti ɗaya ko biyu ba na biya. Daga taku goma zuwa goma sha biyar takarda ba ta san bambancinsu ba.

Waɗanda na harba da yawa kuma zan sake saye ba tare da tunani ba su ne Blazer Brass, American Eagle na kamfanin Federal, Magtech na Brazil, PMC na Koriya ta Kudu, da Sellier & Bellot na ƙasar Czech. Wannan na ƙarshen shi ne zaɓina idan farashi ya zo ɗaya. Kamfani ne da ke aiki tun 1825, kuma ana gani a kayan. Kwalayensa ƙanana ne, a matse, harsasan a jere ƙiƙam ba sa kaɗawa, katan ɗinsa ba ya cin wuri kamar na wasu. Ka zare ɗaya ka juya shi a haske, kwanson yana sheƙi, bakinsa a daidaice, babu wanda kansa ya nutse fiye da na ɗan'uwansa. Yana da ɗan ƙarfi fiye da Blazer Brass, kwanson yana fita da nisa, kuma bindigar da ke da taurin sifirin tana son haka. Blazer Brass kuwa shi nake ba wanda ya fara koyo, don ya fi laushi, kuma shi ya fi yawan faɗowa a rangwame. Abin dariya, mutane suna ta musu a kan Federal da Blazer da Remington kamar abokan gaba, alhali gida ɗaya suke, kuma tun ƙarshen 2024 wani kamfanin Czech, CSG, ya saye gidan baki ɗaya.

Ƙasa da waɗannan a farashi akwai hanya uku, kuma a nan ne arha ta fara zama abin tambaya.

Ta farko kwanson ƙarfe. A da, harsasan Tula da Wolf masu zuwa daga Rasha su ne abincin talaka a fagen nan. A watan Agustan 2021 gwamnatin Amurka ta sanar da daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, kayan suka riƙa ja baya a kasuwa, ratar da ke tsakanin ƙarfe da tagulla ta tsuke. Ga kuma filayen harbi na cikin gini. Da yawansu akwai maganaɗisu a kan kanta. Ma'aikacin zai buɗe kwalinka, ya zaro ɗaya, ya kanga shi. In kan harsashin ya manne, sai ya mayar maka da kwalin ya ce wannan ba ya shiga. Dalilinsu shi ne rigar da ke da ƙarfe a ciki tana tartsatsi idan ta daki bangon tare harsashi, tana kuma cinye shi. Akwai dalili na biyu da ba sa cika faɗa: kwanson tagulla da ake sharewa a ƙasa sayar da shi suke yi, ƙarfe kuwa yana ɓata musu tari. Don haka kafin ka sayi katan, ka tambayi filinku. Mutum ya tara guda dubu da ba shi da wurin harbawa, bai yi arha ba.

Ta biyu kwanson alminiyam. Wannan ba ni da ƙorafi a kansa, sabo ne daga masana'anta, yana tashi lafiya. Ba a sake cika shi ne kawai, kuma wasu filayen ba sa so saboda dalilin tarin nan.

Ta uku ita ce wadda nake gargaɗi a kai: harsashin da aka sake cikawa, wato an tattaro kwanson da aka riga aka harba, an wanke, an zuba sabon albarushi da sabon kai. Ana sayar da shi a zube cikin leda ko bokiti, kuma yakan zauna a saman jerin arha. Na gwada na wani ƙaramin kamfani da ba zan kama sunansa ba. Tun daga buɗe ledar ka ga gindin kwanson kowanne da tambarinsa daban, wasu sun dushe, wasu da 'yar lotsawa. Yawancinsu sun tashi. Sai ɗaya ya yi wani ɗan "fus" maimakon ƙara, bindigar ba ta motsa a hannuna ba, hayaƙi ya ɗan fito ta baya. Na sauke, na cire gidan harsashi, na kira mai kula da layi. Ya kwance bindigar, ya ɗaga bututun ya duba a fitila, babu haske ta ɗaya gefen. Kan harsashin ya maƙale a tsakiya, domin babu albarushi a cikinsa ko kuma bai kai ba. Da sandar tagulla da ɗan guduma ya fitar da shi. Da an harba wani a bayansa, bututun zai iya kumbura ko ya fashe a hannu. Ragowar ledar ban ƙara taɓa ta ba. Abin da aka rage mini a kan sabo bai fi senti biyu zuwa uku a kowane ɗaya ba, dala ashirin da wani abu a katan, kuma masu ƙera bindigogi da yawa sun rubuta a littafin da ke zuwa da ita cewa garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da irin wannan harsashin ya yi. Arha ba ta ado, in ji masu magana, a nan kuwa har yatsa tana iya ci.

Lokacin saye ma yana da nasa tasiri. Wanda ya ga 2020 ba zai manta ba. Annobar korona, zanga-zanga da zaɓe suka haɗu, miliyoyin mutane suka sayi bindiga karon farko, kantoci suka zama wayam. 9mm da ake samu ƙasa da senti 20 kafin nan ya ninka sau uku, wani wurin ma fiye, ga shi ana ƙayyade wa mutum kwali biyu ko uku. Dama tun Satumban 2019 babban kantin nan na Walmart ya sanar da daina sayar da harsashin ƙaramar bindiga bayan harin bindiga da aka kai reshensa na garin El Paso, wato wata babbar ƙofar arha ta riga ta rufe. Farashi ya sauko daga baya, amma kasuwar mai firgita ce, labari ɗaya ya isa ya tayar da ita. Lokacin da babu hayaniya, da makon rangwamen ƙarshen Nuwamba, su ne lokutan da nake cika ma'ajiya.

Game da isowar kaya, gidan waya ba ya ɗaukar harsashi, sai kamfanonin aike na UPS ko FedEx ta mota. Katan ɗin yana zuwa da alamar lu'ulu'u baƙi da fari a gefe, nauyinsa kuma yana tona abin da ke ciki, don haka na fi son a ce sai an sa hannu, ko da za a ƙara 'yan daloli, a kan a ajiye shi a bakin ƙofa har yamma. Wasu dillalan sukan nemi hoton lasisin tuƙi sau ɗaya don tabbatar da shekaru. Wannan sauƙin na Texas ne. A California tun Yulin 2019 aka fara binciken mai saye kafin a miƙa masa harsashi, kayan kuma wurin dillali mai lasisi ake kai su, shi ma ya caji nasa. New York ta bi sahu a 2023, Illinois kuma sai da katin FOID, wato katin izinin mallakar bindiga na jihar. Wanda ke zaune a irin waɗannan jihohin lissafinsa daban ne da nawa.

Damshin Houston ba ya raga wa kwali. Ina juye nawa cikin akwatunan ƙarfe irin na soja masu roba a murfi, in jefa ƙunshin shanye laima, in yago gefen kwali mai lambar rukunin in saka a ciki, saboda in kamfani ya yi kiran a dawo da wani rukuni in san nawa ne ko ba nawa ba. Akwatin a kulle yake, a wuri daban da bindigar, don gida ne mai yara. Bayan harbi kuma a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci, saboda dalma. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Mai yawan harbi a cikin gini zai iya ƙara ɗan kuɗi ya sayi mai TMJ, wanda har gindin kan an rufe shi, ko Syntech na Federal mai jar rigar roba. Hayaƙinsu ya fi sauƙi, bututu ma ba ya baƙi da wuri.

Ga wanda ba ya harba fiye da kwali ɗaya ko biyu a wata, sari ta intanet ba lallai ba ne. Kantin kayan wasanni na Academy, wanda hedikwatarsa ke garin Katy nan kusa da mu, yakan sa rangwame a kan kwalaye masu 100 ko 200, kuma idan ka cire kuɗin aike daga lissafi, ratar ba ta da yawa. Wanda kuma ke zuwa fili duk mako, katan na sabon harsashi mai kwanson tagulla, 115 ko 124, daga dillalin da ke aikewa kyauta, shi ne abin da ya fi fitar da shi. In har hakan ma ya yi nauyi, ƙaramar bindiga mai cin ɗan ƙaramin harsashi na .22 LR ta fi kowace dabara rage kashe kuɗi, domin harsashinta bai kai rabin kuɗin 9mm ba, kuma riƙo da saiti da jan kunama duk ana koyonsu da ita.