Filashi Mai Siffar Maɓalli, Fanka, Fitila da Sauran Kayan USB: Abin da Za a Duba Kafin a Biya

Duk wanda ya ratsa layin masu kayan waya a Farm Centre ta Kano, ko Banex a Abuja, ya san yadda ake baje ƙananan kayan USB a kan tebur: filashi mai siffar maɓallin mota, mai kama da katin banki, na katako, na roba mai siffar 'yar tsana, biro mai filashi a cikinsa, ga 'yar fanka, ga fitila mai lanƙwasuwa, ga faifan ɗumama shayi. Wasunsu suna da amfani ƙwarai, wasu kuma ado ne kawai. Abubuwa biyu ke raba su: irin ƙwaƙwalwar da ke cikin kwanson, da yawan wutar da kafar USB za ta iya bayarwa.

Kwanso daban, ƙwaƙwalwa daban

Kamfanin da ya ƙera siffar filashin ado yawanci ba shi ya yi ƙwaƙwalwar ba. Sayo ta yake yi ya cusa a kwanso, kuma iri biyu ce. Akwai mai allo, wadda za ka ga ɗan koren faranti ɗauke da guntun ajiya da guntun sarrafawa, da bakin ƙarfe da aka liƙa da dalma. Akwai kuma dunƙulalliya, wata 'yar baƙar falle mai kaurin da bai kai milimita 2 ba, wadda aka haɗe komai a ciki aka rufe. Wannan ta biyun ita ce a cikin filashi mai siffar maɓalli, da na kati, da na abin hannu.

Dunƙulalliyar tana jure ruwa da ƙura fiye da mai allo, abin da ba ƙarami ba ne a lokacin hunturu. Amma galibinta a hankali take rubutu, kuma idan ta mutu, ciro bayanan da ke cikinta aiki ne mai wuya da tsada, domin babu guntun da za a ɓamɓare a karanta shi daban. Mai allo kuwa rauninta a wuya yake. Idan aka buge ta tana jikin laftof, dalmar da ke riƙe da bakin ce ke tsagewa, kuma mai gyara da ya iya hannunsa yakan iya sake liƙa ta a kwashe abin da ke ciki.

Sai a auna siffofin da wannan. Na maɓalli na ƙarfe ya fi sauran dacewa da aljihu, amma da yake bakinsa a buɗe yake, sauran makullai na gogar layukan zinaren da ke kai har su dushe. Na kati yana shiga alabe lafiya, sai dai maƙalin da ƙwaƙwalwar ke juyawa a kai roba ce siririya, ita ke fara karyewa, ga faɗinsa yana toshe kafar da ke kusa. Na roba mai siffar dabba ko ƙwallo ya fi kowanne matsala: kaurinsa yakan hana shi shiga kafar talabijin ko ta rediyon mota, gam ɗin da ke riƙe da ƙwaƙwalwar yana saki da zafi, wata rana ka ja ka ga kwanson a hannunka, ƙwaƙwalwar ta maƙale a kwamfuta. Murfinsa kuma ba ya daɗewa bai ɓata ba. Na katako da masu ɗaukar hoton biki ke bayarwa a cikin ɗan akwati yana da kyau a matsayin kyauta, amma ranar da aka karɓe shi ya kamata a kwafe hotunan zuwa wani wuri na biyu.

Ƙanana ƙwarai, irin SanDisk Ultra Fit ko Samsung FIT Plus waɗanda da ƙyar suke leƙowa daga kafa, su ne suka dace da mota da bayan talabijin, don ba abin da zai buge su. Aibinsu zafi ne. Ba su da jikin da zai fitar da shi, don haka idan aka daɗe ana tura musu manyan fayiloli sai su rage gudu. A watan Afrilu, motar da aka bari a rana a Sakkwato ko Maiduguri ba wurin barin filashi ba ce.

Jabun girma

Wannan ita ce babbar asarar da masu saye ke yi, kuma ta fi yawa a kayan da ba su da sunan kamfani. Ana ɗaukar ƙwaƙwalwa mai giga 8 ko 16, a sake tsara guntun sarrafawarta ta riƙa gaya wa kwamfuta cewa ita giga 512 ce ko tera 2 (wato giga dubu biyu). Kwamfuta ba ta aunawa, abin da aka gaya mata take nunawa. Za ka tura fayiloli su shiga, sunayensu su bayyana, girmansu ya fito daidai. Da an wuce ainihin girman, sabon abu ko dai ya hau kan tsoho ya goge shi, ko ya tafi a banza. Ba za ka sani ba sai ranar da ka buɗe bidiyon ya ƙi tashi. Fomat ba ya gyara wannan, kuma duba girman a waya a gaban mai shago ba gwaji ba ne.

Gwajin gaskiya shi ne a cika filashin a sake karanta shi. A Windows ana amfani da H2testw, manhaja ce ƙarama ta kyauta. Ka tabbata filashin ba komai a ciki, ka buɗe manhajar (da Jamusanci take farawa, sai ka canza ta zuwa Ingilishi), ka zaɓi filashin, ka bar ta a kan gwada dukkan sarari, ka danna maɓallin rubutawa da tantancewa. Za ta cika shi da fayiloli masu giga ɗaya-ɗaya, sannan ta bi su ta karanta. Idan ta gama ba kuskure, girman na gaskiya ne, kuma za ta nuna maka saurin rubutu da na karatu. Idan jabu ne za ta faɗi adadin da ke da lafiya da wanda ya salwanta. Tana cin lokaci: filashi mai giga 64 da ke rubuta megabait 10 a daƙiƙa zai ɗauki kusan awa biyu kafin ma a fara karantawa. Masu Linux da Mac suna da F3 mai aiki iri ɗaya. ValiDrive kuma tana taɓa wurare daban-daban a cikin filashin ne, don haka takan ba da amsa cikin 'yan mintuna, ita ce ta fi dacewa idan kana son gwadawa a laftof kafin ka bar kasuwa. Ka yi magana da mai shago tun kafin ka biya cewa idan ya faɗi gwaji za ka dawo da shi, ka karɓi rasit.

Kada a rikita jabu da ragin da aka saba gani. Filashi mai giga 64 na ainihi yakan nuna tsakanin 57 da 59 da 'yan kai a Windows, saboda masu ƙera shi da dubu suke lissafi, kwamfuta kuma da 1024. Wannan ba cuta ba ce. Cuta ita ce tera 2 a kan farashin giga 32.

Sauri da tsarin fomat

USB 2.0, wanda ya fito a 2000, iyakarsa megabit 480 a daƙiƙa, wato megabait 60 (megabit takwas ne megabait ɗaya), amma a aikace bai cika wuce megabait 35 zuwa 40 ba. USB 3.0 na 2008 ya kai gigabit 5. Sunayen 3.1 Gen 1 da 3.2 Gen 1 da ake bugawa a kwali duk shi ne aka sake wa suna, kada a ƙara maka kuɗi a kansu. Shuɗin harshe a cikin baki alama ce ta 3.0, amma fenti ba shi da tsada. Ka leƙa ciki da fitilar waya: na 2.0 layukan ƙarfe huɗu gare shi, na 3.0 yana da ƙarin biyar, tara ke nan.

Lambar saurin da ke kan kwali kusan kullum ta karatu ce. Ta rubutu ce ke sa mutum jira. Fayil mai giga 4 a filashin da ke rubuta megabait 5 a daƙiƙa zai ci fiye da minti 13, a mai rubuta 60 kuwa minti ɗaya ne da 'yan daƙiƙu. Wanda sana'arsa turi ce, ko yake kwasar bidiyon biki, ya bar na ado ya nemi na kamfani sananne mai 3.0.

Rediyon mota, tsohuwar talabijin da lasifika mai karanta filashi da yawansu tsarin fomat na FAT32 kawai suke ganewa. Shi kuma FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, sannan tagar fomat ta Windows da aka saba ba ta ba da shi ga filashin da ya wuce giga 32. Saboda haka mai son zuba karatun Alƙur'ani ko tafsiri don sauraro a mota, giga 16 ko 32 ya ishe shi, kuma ya fi masa sauƙi. Mai manyan fayiloli ya yi amfani da tsarin fomat na exFAT, wanda Windows da Mac da sababbin wayoyi ke karantawa.

Mai baki biyu da mai kulle

A cikin duk filashin da ba na gargajiya ba, mai baki biyu ne ya fi cancantar kuɗinsa: gefe ɗaya na kwamfuta, ɗaya na waya. Ka duba kafar wayarka tukuna, Type-C ce ko tsohuwar micro-USB, don ba sa shiga wa juna. iPhone daga na 15 Type-C ne, na 5 zuwa na 14 kuwa Lightning ne, kuma filashinsu yakan buƙaci manhajar kamfaninsa. Idan ka soka wayar ba ta gani ba, ka shiga saiti ka kunna OTG, wanda ke sa waya ta karanta filashi. Wasu wayoyin suna kashe shi da kansu bayan kamar minti goma ba a yi amfani da shi ba. Rigar waya mai kauri ma tana hana bakin shiga sosai.

Mai kulle iri biyu ne. Akwai mai madannan lambobi a jikinsa, irin datAshur na iStorage, wanda ke ɓoye bayanai a cikin guntunsa, ya kuma goge komai idan an yi kuskuren lambar sirri sau goma a jere. Yana da tsada, ya dace da lauya, akanta ko mai riƙe bayanan marasa lafiya. Mai arha da aka ɗaura wa kwaɗon lambobi a murfi kuwa, murfin kawai ya kulle; duk wanda ya fasa robar ya samu komai.

Abin da ya fi waɗannan amfani ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke yawan kai takardu wurin bugawa shi ne filashi mai ɗan makunnin hana rubutu a gefe, irin wanda Kanguru da Netac ke yi. Idan ka tura makunnin, kwamfutar shagon za ta iya karanta fayil ɗinka amma ba za ta iya zuba maka bairos ɗin nan mai ɓoye folda ya bar gajerun hanyoyi ba.

Kuma filashin da aka tsinta ko aka ba ka ba ka san asalinsa ba, kada ka soka shi. Tun 2014 masu bincike Karsten Nohl da Jakob Lell suka nuna cewa ana iya sauya filashi ya riƙa yin kamar allon madannai yana buga umarni da kansa. Akwai ma na'urar da ake kira USB Killer, mai kamar filashi sak, wadda ke tara wuta ta kai kusan bolt 200 ta sake ta cikin kwamfuta ta ƙone kayan cikinta.

Kayan da wuta kawai suke sha

A nan lissafi ɗaya ya wadatar. Kafar USB 2.0 tana ba da bolt 5 da miliamfa 500, wato wat 2.5. Ta 3.0 tana ba da miliamfa 900, wat 4.5. Duk abin da aikinsa bai wuce haka ba zai yi kyau, wanda ya wuce kuwa zai ba da kunya.

Fitila ce ta fi cin moriyar wannan. Fawa-banki mai 10,000mAh yana ɗauke da kimanin wat-awa 37, bayan asarar juya wuta kusan 30 ne ke fita. Fitila mai wat 1 za ta kai awa 30 a kansa, ƙwai mai wat 5 mai haska ɗaki kuma kamar awa 6. Ga mai shago ko ɗalibi a daren da aka ɗauke wuta, wannan sayayya ce mai ma'ana. Ka zaɓi mai bayan alminiyam, don zafi ne ke rage hasken ƙwan tun kafin lokacinsa. Abu ɗaya da ke ruɗa mutane: wasu fawa-banki suna kashe kansu idan abin da aka jona yana jan wuta kaɗan sosai, sai a zaci fitilar ce ta lalace. Ka gwada su tare a shago.

Fankar tebur mai wat 2 zuwa 3 tana yi wa mutum ɗaya aiki idan tana kusa da shi, za ta kuma kai wajen awa 10 zuwa 15 a kan wancan fawa-bankin. Mai inji marar burushi ta fi shiru da daɗewa. 'Yar fankar da ake sokawa kai tsaye a gindin waya kuwa a bar ta. Nauyinta da girgizarta a kan kafar caji suke sauka, kuma gyaran kafar ya fi fankar tsada.

Faifan ɗumama shayi da 'yar firjin gwangwani ɗaya su ne lissafin ya fi kayarwa. Ɗaga zafin ruwa mililita 200 da digiri ɗaya tak yana buƙatar fiye da minti biyar a wat 2.5, ko da babu zafin da ke tserewa, alhali kofi a buɗe yana hucewa fiye da haka. Iyakar abin da faifan zai yi shi ne jinkirta hucewa, shi ma sai kofin na ƙarfe ne mai shimfiɗaɗɗen gindi. Firjin kuma ba za ta sanyaya lemo mai ɗumi ba a zafin bazara.

Duk mai inji ko mai ɗumama, a jona shi a kan caja ko fawa-banki, kada a jona a laftof, don idan ya ja wuta fiye da kima kafar na iya lalacewa. Haka nan kada a tara fanka, fitila da filashi a kan marabar kafa huɗu (na'urar da ke raba kafar USB ɗaya zuwa huɗu) marar wutar kanta: dukkansu wutar kafa ɗaya suke rabawa, kuma filashin da wuta ta yanke masa yana tsakiyar rubutu fayil ɗinsa ke lalacewa. Mai yawan sayen irin waɗannan kaya ya nemi ɗan ma'aunin USB mai allo, wanda ake sokawa tsakanin caja da na'ura. Idan ya nuna bolt ya faɗi ƙasa da 4.75 da zarar an kunna fankar, cajar ko wayar haɗin ce ba ta iya ɗaukar nauyin, sai a canza ta kafin a zargi fankar.