WhatsApp Business da sirrin kwastomomi: inda ya yi ƙoƙari da inda ya bar mu da aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a ta waya. Duk wanda za ki ji yana yabon WhatsApp Business to katalog yake yabo, ko amsar nan da ke fita da kanta in kwastoma ta yi sallama ƙarfe biyun dare, kuma gaskiya sun cancanci yabo. Amma ni yau ta wani ɓangaren nake so mu duba shi, ɓangaren amanar da mutane ke zuba mana a ciki kullum ba tare da sun tsaya tunani ba. Ni atamfa da leshi da mayafai nake sayarwa, ina saro wa a Kantin Kwari, kusan duk cinikina a cikin wannan manhajar yake, to ki tsaya ki duba abin da ke cikin wayar mai irin sana'ata: cikakken sunan mace, lambarta, kwatancen gidanta har launin get, rasit ɗin banki, hoton 'yarta da za a aurar, ranar da za a kai lefe, wani lokacin ma har da "ki bari sai maigidan ya yi tafiya a kawo". Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne a hannun mutum ɗaya.

Bari in fara da abin da ya burge ni. Manhajar kyauta ce, tun 2018 aka fito da ita, kuma saƙonnin da ke tsakaninki da kwastoma a rufe suke tafiya tun daga wayarki har wayarta, kamfanin layi ba ya iya karantawa, mai waifai ba ya iya karantawa. Wannan tsarin tun 2016 WhatsApp suka sa shi wa kowa kuma ba sai kin kunna komai ba. A nan ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Sai dai ki gane iyakarsa, kamar akwatin lefe ne da aka kulle da kwaɗo tun daga gidan ango, a hanya ba mai taɓawa, amma ana isa sai a buɗe shi a tsakar gida gaban duk wanda ya shigo. Wayarki ita ce tsakar gidan, kuma daga nan ne kusan duk ɓarnar da nake gani take fitowa.

Na biyu shi ne fin mai lamba shida da ake sawa a matsayin makulli na biyu. Kun dai san yadda 'yan damfara ke yi, a kira ki a ce ana taron guruf ko ana rabon tallafi ki karanto lambar da ta shigo miki, kina karantowa shikenan sun ɗauke asusun, sai su fara bin kwastomominki ɗaya bayan ɗaya da sunanki suna cewa an canza lambar akawun a turo kuɗi nan. In kin sa fin ɗin nan ko sun samu lambar farko sai sun ci karo da shi. Abin da ya ɓata min rai kawai shi ne ba dole ba ne, a cikin setin yake sai wanda ya je ya nema, alhali manhaja ce da aka yi ta musamman don kasuwanci, ai kamata ya yi tun ranar da kika buɗe a hana ki wucewa sai kin sa. Mata nawa ne a cikinmu ke shiga setin su yi bincike? Yawancinmu ƙani ko ɗa ne ya buɗe mana ya miƙo wayar.

Haka ma maganar ajiyar hira da ke tafiya Google Drive ko iCloud. Tun 2021 suka ba da damar a kulle ta da kalmar sirri, amma ita ma sai kin kunna da hannunki. Ki kunna, ki rubuta kalmar a littafi ki adana a gida, domin in kin manta ta kuma wayar ta ɓata WhatsApp su kansu ba za su iya buɗe miki ba.

Toh yanzu ga inda nake so in daɗe, guruf. Duk mai sana'a tana son guruf saboda ki ɗora kaya sau ɗaya mutum ɗaruruwa su gani, guruf ɗaya yana ɗaukar har mutum 1,024. Amma duk wadda ke ciki tana ganin lambar kowa. Ke kin tara matan aure da 'yan mata da hajiyoyi masu sayen leshi mai tsada a wuri ɗaya, kin raba linki a Facebook kowa ya shigo, to wa kika sani a cikin waɗanda suka shigo? Namiji zai sa hoton fulawa da sunan mace ya zauna shiru yana kwasar lambobi, bayan kwana biyu a fara kiran matar mutane da daddare, ko wata mai sana'a ta kwashe lambobin gaba ɗaya ta zuba su a nata guruf ɗin ba sallama ba neman izini. Ni kaina an sha jefa ni a guruf ɗin kayan mata da na adashe da ban san ko su waye ba, kuma in na bi sawu sai in ga daga wani guruf ɗin saye da sayarwa aka ɗauki lambata. Manhajar tana da wurin da za ki hana baƙi sa ki a guruf, amma wannan kariyar kanki ce, ba ta kare kwastomar da ke kika sa a naki ba.

Abin da ya fi min shi ne burodkas da canal. Burodkas yana tura saƙo ɗaya ga mutum har 256 kowa ya samu nasa shi kaɗai, ba wadda ke ganin lambar wata, kuma ba ya isa ga mutum sai in ya adana lambarki, wasu suna ganin wannan a matsayin matsala ni kuwa ina ganin daidai ne, wadda ta adana lambarki ai alama ce tana son jin labarinki. Canal kuma da suka kawo a 2023 ya fi faɗi, mabiya ba sa ganin lambar juna. Illarsa ba a hira a ciki yadda ake yi a guruf, ba wannan armashin na "Hajiya nawa ne wannan ruwan tokar", sai mutum ya biyo ki ta gefe. Ciniki yana ɗan yin sanyi da farko kam, ba zan ɓoye ba, amma manyan kwastomomina sun fi sakin jiki da shi.

Sai sitatus, kuma dan Allah 'yan uwa a nan ku saurare ni da kyau. Wannan al'adar ta ɗora sikirinshot ɗin hira da rasit don a nuna ana ciniki tana cutar da mutane. Na taɓa sayen turaren wuta a wurin wata, da yamma ina duba sitatus sai ga rasit ɗina ɓaro-ɓaro, sunana uku, bankina, adadin kuɗin, a samansa kuma ga saƙon da na rubuta mata na kwatance, layi na biyu bayan masallaci gida mai baƙin get, ta sa alamar zuciya ta rubuta Alhamdulillah an gode Hajiya. Na san ba da mugunta ta yi ba, murna take, amma mutum nawa ne suka ga wannan kafin ta cire? Ga halin da ake ciki na tsaro, a nuna wa duniya gidanki da kuɗin da kika kashe a rana ɗaya. Manhajar tana da alƙalamin da za ki shafe rubutu a hoto kafin ki ɗora, ba ya cin minti ɗaya, sai dai ba abin da zai tsayar da ke ya ce wannan hoton akwai lambar mutum a ciki. Ki shafe suna da lamba da adireshi, kuma ko kin shafe ki tambaye ta tukun, wata ko mijinta bai san ta yi sayayyar ba.

Wani wurin da na ga gazawa sosai shi ne in kina da masu taya ki aiki. Za ki iya haɗa asusun da wasu na'urori har huɗu, yarinyar shago ta riƙa amsa oda a tata wayar ko a kwamfuta, abu mai kyau. Amma wadda kika haɗa tana ganin hirarraki ne gaba ɗaya, ba yadda za ki ce ta ga masu tambayar farashi kawai banda masu bashi ko manyan kwastomomi. Ranar da kuka rabu kuma in ba ki shiga kin cire na'urarta ba tana nan tana karanta komai daga gidansu. Ki mayar da shi al'ada kina leƙa jerin na'urorin da ke haɗe. Haka in za ki kai waya gyara, hotunan rasit da katin shaida da mutane suka turo suna sauka cikin galari ne in ba ki kashe ba, mai gyara bai ma buƙatar buɗe WhatsApp ɗin. Mai kai kaya kuma, ɗan sahu ne ko direban tasha, lamba da kwatance kawai yake buƙata, ba sai kin tura masa hirar duka ba.

Wasu za su ce ai mu ƙananan 'yan kasuwa ne wa ya damu da mu. To akwai doka. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, ita ta kafa hukumar NDPC da Dakta Vincent Olatunji ke jagoranta, kafin ita ma akwai ƙa'idar da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta fitar a 2019. Dokar ba ta ce sai banki ko kamfanin waya ba, in kina tara bayanan mutane don sana'a kin shiga ciki. Abin da take nema kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: ki karɓi abin da kike buƙata kawai, ki yi amfani da shi don abin da aka ba ki shi, kar ki riƙe shi fiye da lokacin buƙata, in mutum ya ce ki daina turo masa talla ki daina, in ya ce ki goge bayanansa yana da wannan haƙƙin. In bayanan suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, awa 72 aka bayar a sanar da hukumar. Tarar wanda ba babban mai riƙe bayanai ba tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Kuma ba wasa suke ba, a 2024 sun ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8. Shi kansa Meta mai WhatsApp ɗin hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci shi tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, don haka ni ban ɗauki kamfanin a matsayin waliyyi ba, rufe saƙo daban, sanin wa kike magana da shi da yaushe da wace waya daban.

A wajen bin wannan dokar ne manhajar ba ta taimaka miki da komai. Ba wurin da kwastoma za ta danna ta ce na yarda a riƙa turo min talla, ba abin da zai tuna miki cewa rasit ɗin wance ya shekara biyu a wayarki. Ni dabarar da na yi ita ce na yi amfani da saƙon maraba, na rubuta a ciki cewa lamba da adireshi don kai kaya kawai nake karɓa, mai kai kaya ne kaɗai zai gani, wadda ke son ganin sabbin kaya ta rubuto "ina so" in sa ta a jerin talla. Sai na yi wa masu amsawa laƙabi daban, wato alamar nan da manhajar ke ba ki damar sa wa hira don ki ware ta. Saƙo mai ɓacewa da kansa ma yana da amfani, akwai na awa 24, kwana 7 da kwana 90, na kwana 90 ya fi dacewa da ciniki saboda rigimar an biya ko ba a biya ba, amma ki fara rubuta cinikin a littafinki kafin ya goge.

Ga mai atamfa, mai abinci, tela, mai turare, ina ba da shawarar a yi amfani da WhatsApp Business, ya fi WhatsApp na gida nesa ba kusa ba ko don raba hirar dangi da ta kasuwa, matuƙar za ki zauna rabin awa ki gyara setin ɗin nan. Amma mai kemis da ake turo wa hoton takardar asibiti, mai makaranta da ke karɓar bayanan yara, da mai shagon da ke cike wa mutane fom da NIN da BVN, gaskiya wannan manhajar ita kaɗai ba ta ishe ku ba. Bayanan lafiya dokar ta sa su cikin masu tsananin sirri, na yara 'yan ƙasa da shekara 18 kuma sai da yardar iyaye, sannan makarantun firamare da sakandare da ɗakunan gwaje-gwajen lafiya suna cikin waɗanda hukumar ta ce su yi rijista da ita. Ku nemi ɗaya daga cikin kamfanonin da NDPC ta ba lasisin wannan aikin ya duba muku tsarinku, kuma kafin ku biya ko sisi ku duba sunansa a jerin da ke shafin hukumar.