Baƙin tabo a fuska: wanne za ki saya, wanne za ki bar wa mai shago?

Ƙurjin ya warke tun kafin azumi, amma tabonsa yana nan daram a kumatu. Daga nan ake fara zaryar kasuwa, kuma duk shagon da kika leƙa a Sabon Gari kowa da nasa maganin.

Abin da za a fara miƙo miki shi ne haɗin mai a roba marar suna, wai "oganik". Sati biyu kin yi fes. Saurin nan shi ne abin tsoro, don galibi sitiroyid ne a ciki, wato maganin kumburi mai ƙarfi, irin su kilobetasol, ko haidirokwinon, sinadarin dusashe launin fata, da aka zabga ba awo, wani lokaci har da zaiba mai taɓa ƙoda. Na ga ƙarshen wannan hanya a jikin wata ƙawata: fata ta yi siriri har ana hango jijiyoyi kore-kore, nankarwa ta tsattsaga damtse, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Ranar da ta ajiye robar, fuska ta fashe da ƙuraje fiye da da. NAFDAC ba ta yarda haidirokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba, kuma a 2023 ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Robar da ba lambar rajista, ba jerin abin da ke ciki, ki bar wa mai ita.

Shi kansa haidirokwinon magani ne idan a hannun likita yake. Ana ɗiga shi a kan tabon kaɗai na 'yan watanni, sannan a tsaya. Shafa shi shekara da shekaru ne ke jawo wani baƙi mai ratsin shuɗi a kumatu, wanda fitarsa sai an sha wuya.

In ni ce da kuɗin a hannu, azelaik asid zan fara saya, mai kashi 10 zuwa 20. Yana rage tabo, yana kwantar da ƙuraje, kuma likitoci na barin mai ciki ta shafa. Aibinsa shi ne jinkiri: sai an yi sati 8 zuwa 12 kafin madubi ya ba da labari. Tiretinoyin, wani maganin shafawa, ya fi shi ƙarfi. Da dare ake shafawa, gwargwadon ƙwayar wake ga fuska duka, amma yana busar da fata, a hunturu kuwa sai kin haɗa da mai mai laushi. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta taɓa shi.

Duk wanda kika zaɓa, in ba man kariyar rana, kina zuba ruwa ne a kwando, domin rana ce ke ƙara dafa tabon. Ki nemi mai SPF 30 ko sama, wato lambar ƙarfin kariya da ake rubutawa a jikin robar. Ki ɗan gwada a haɓa tun a shagon. Wasu sukan bar baƙar fata furu-furu kamar an shafa toka.

Dilka da halawa suna sa jiki santsi, ba musu, amma ba sa kai wa inda launin yake, kuma dirzar fuska da ƙarfi na iya haifar da sabon tabo. Lemon tsami kam a bar shi a kicin.

Sai masu tsada: saɓule fata da sinadari, da kuma leza, wato na'urar da ake haska wa tabon haske mai zafi. Ba a zama ɗaya ake gamawa ba, don haka ki tambayi kuɗin zaman duka, kada a ruɗe ki da na farko. Fatarmu tana zuƙar zafin leza, in na'urar ba ta dace ba a ƙone ki, tabo ya ninka. Wadda ta fi dacewa da baƙar fata ita ce Nd:YAG mai lamba 1064. Ki tambayi sunan na'urar, ki tambayi wa zai riƙe ta, likitan fata ne ko ma'aikaciyar wurin kwalliya. Ki ce a fara gwadawa a bayan kunne, ki koma gida ki jira sati biyu ki ga yadda wurin zai yi.