Wasiƙa daga Liyon: Abinci Kala Shida da Kwalaben da Aka Ɓoye wa Suna

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Inna da yara da 'yan aikin gidan abincinki. Kin daɗe kina cewa in daina ba ki labarin sanyi da tsadar haya, in gaya miki yadda masu sana'a irin taki suke yi a Faransa. To ga shi na samu abin faɗa. Kamfanin da nake wa aiki ya kai mu liyafar ƙarshen shekara a wani gidan abinci da ke tsakiyar Liyon, irin wanda da kuɗin aljihuna ba zan taka ƙofarsa ba.

Kuɗin kowane mutum yuro 95 ne, ban da abin sha. A sefa ya haura jika 62. Na san za ki riƙe baki, ni ma na riƙe. Amma tun daga waje farashin yana manne a jikin ƙofa, domin doka ce ta tilasta musu, kuma haraji da ladan masu hidima duk suna ciki. Ba ciniki, ba "ƙara mini nama". Burodi da ruwan famfo a tulun gilashi kyauta ne, ko a gidan tsada ko a na talaka.

Abincin kala shida ne, kuma ba a jera shi gaba ɗaya. Sai ka gama ɗaya, a kwashe faranti da cokali, a share tebur, sannan a kawo na gaba. Na farko loma ɗaya ce tak, ta buɗe baki. Sai miyar kabewa mai laushi, sai wani curin kifin ruwa da aka niƙa da ƙwai da fulawa aka dafa, wanda mutanen Liyon suke alfahari da shi. Bayansa nama, sai cuku, sai kek mai jan alewar almon. Kowane faranti idan aka ajiye sai ki ce wannan ba zai kai ko'ina ba, amma da aka kai na biyar na fara neman inda zan sa na shida. Mun zauna tun bayan isha'i, ba mu tashi ba sai dab da tsakar dare, kuma ba wanda ya zo ya tsaya mana a ka don mu tashi a ba wasu wuri. Teburin namu ne har dare ya ƙare. A ganina rabin kuɗin nan na wannan zaman ne.

Na san tambayar da ke bakinki: ya na yi da zancen halal? Kwanaki kafin liyafar gidan abincin ya aiko a tambayi kowa abin da ba ya ci. Na ce ba na cin alade, ba na cin naman da ba yankan Musulmi ba, ba na shan giya, kuma kada a sa ta a miya. Wannan na ƙarshen shi ne abin lura, domin girkin Faransawa da yawa da giyar inabi ake haɗa romonsa, kuma Liyon gari ne na alade, tsiran alade yana ko'ina. Mai dafuwar ya canza mini romon kifin, ya ba ni wani kifin a madadin nama. Abokan aikina kuwa sun ci kazar Bires, wadda ake kiwo a arewa maso gabashin Liyon: farar kaza mai shuɗin ƙafa, ana ciyar da ita masara da madara, kowace da zobe a ƙafa mai nuna gonar da ta fito. Tun 1957 doka take kare sunanta, ba mai kiwon da zai kira kazarsa da wannan suna sai a wannan yanki kuma bisa ƙa'idarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suka yi da abin sha. Akwai ma'aikaci guda wanda aikinsa kenan, ba ya ɗaukar faranti. Da kowane kalar abinci yakan zo da kwalba a cikin baƙin ƙyalle, ba a ganin suna balle farashi. Ya zuba kaɗan, su shinshina, su kurɓa, wasu su tofar a wani ɗan bokiti, sannan kowa ya faɗi hasashensa: wane irin inabi ne, daga wane yanki, wace shekara. Ga Bojole a arewacin garin, ga kwarin kogin Ron a kudu, duk yankunan noman inabin giya ne, don haka kowa yana ganin shi gwani ne. Sai an gama gardama a zare ƙyallen. Shugaban sashenmu, wanda ya fi kowa baki, ya yabi wata kwalba har da rantsuwa, aka buɗe ta zama mafi araha a daren. Bai ji haushi ba, ya rubuta sunanta a wayarsa.

Wannan al'ada tana da tarihi da suke tunawa da ɗaci. A 1976 wani Baturen Ingila mai sayar da giya a Faris, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa ya ba su kwalaben ƙasarsu da na Kalifoniya ba tare da sun ga suna ba. Na Amurka suka zo na ɗaya, a farar giya da ja duka. Har yau idan aka ɗauko zancen sai ka ga fuska ta canza.

Zaman bai yi mini daɗi ɗari bisa ɗari ba, Yaya. Zama a teburin da ake zuba giya ba abin da na taso da shi ba ne, kuma da ba sha'anin aiki ba da ban je ba. Sai dai ba su bar ni da ruwa kawai ba. Ni da wata abokiyar aiki mai juna biyu aka yi mana namu jerin marar barasa, a baƙin kofi, mu ma mu yi hasashe. Ruwan tuffa na gane, wani shayi mai sanyi da ƙamshin hayaƙi ya gagare ni. Da aka kawo na huɗu, tun kafin ya kai bakina na ce zoɓo ne. Ma'aikacin ya yi murna, ya tsaya yana yi wa teburin bayanin furen, yadda tsaminsa yake yanke maiƙon kifi. Gaskiya ya faɗa. Amma zoɓon nasu ruwa-ruwa ne, ba citta, ba kanumfari, ba ɓawon abarba. Da za a rufe wa naki da nasu suna a ajiye su gefe da gefe, ban da shakkar wanda zai ci.

Na tambaye shi daga ina furen ya fito. Mutumin da ya san sunan ƙauyen kowace kwalba da sunan mai gonar, sai ya ce daga Afirka. Wannan ya yi mini ciwo, kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai. A shagunan 'yan Afirka da ke unguwar Giyotiyar haka nake sayensa, a leda, ba sunan gari ba na manomi. Buhunan da ake lodawa a kasuwar Maigatari suna tafiya har Meksiko, sunan wanda ya noma ba ya bin su. Albasar Galmi ce ta yi sa'a ta riƙe sunanta, ita da kilishinmu.

Ga abin da nake so ki gwada. Ranar wata Juma'a ki dafa zoɓo kala uku, ɗaya da furen da kika saba saye, biyu daga wasu masu kawowa, ki zuba a kofuna iri ɗaya, ki ba tsofaffin masu cin abincinki su zaɓa ba tare da kin gaya musu komai ba. Haka za ki iya yi da kunun aya, da yajin da kike saye wurin mutum biyu kina kokwanton wanne ya fi. Ba zai ci miki ko jika biyu ba. Wanda ya ci, ki tambayi mai kawo shi sunan garinsu, ki sa yaron nan ya rubuta a allon ƙofa kusa da farashi.

Idan mai zuwa ya samu, ki aiko mini da busasshen zoɓon nan naki da ɗan kanumfari, na yi wa ma'aikacin alkawarin zan kai masa ya ɗanɗana. Ki gaida Inna, ki ce mata maganin ƙafarta yana hanya.